Yadda Ake Sabunta Manhajar Motar Lantarki Domin Ta Ƙara Nisan Zango

Nisan da motar lantarki za ta ci da caji ɗaya bai rataya a kan girman batirinta kaɗai ba. Ya rataya kuma a kan umarnin da aka rubuta wa ƙananan kwamfutocin da ke cikinta, waɗanda suke yanke yawan wutar da za a ja daga batir, da lokacin da fanka da famfon sanyaya za su tashi, da yawan wutar da za a mayar wa batir idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Waɗannan umarnai su ne manhaja, kuma kamfanin da ya ƙera motar yana iya gyara su bayan an sayar da ita, kamar yadda ake sabunta manhajar wayar hannu. Na yi wannan aiki sau da yawa, a kan sababbin motoci da kuma na hannu waɗanda aka shigo da su daga Amurka da Turai, kuma abin da ke tafe shi ne tsarin da nake bi tun daga shiri har zuwa awon sakamako.

Abin da sabuntawa take taɓawa

Sabuntawa ba ta ƙara wa batir ko ƙwaya ɗaya. Abin da take yi shi ne ta buɗe wani sashe na wutar da aka riƙe, ko ta toshe wuraren da wuta take zurarewa a banza. Kowane kamfani yana ware wani kaso na batir a sama da ƙasa wanda direba ba ya iya taɓawa, domin batirin lithium yana saurin tsufa idan ana cika shi maƙil ko ana tatse shi ƙarƙaf. Idan kamfanin ya tattara bayanai na wasu shekaru ya ga batirin yana jurewa fiye da yadda aka yi tsammani, sai ya rage wannan ajiya. Haka Audi ya yi a shekarar 2021 ga motocin e-tron 55 ƙirar 2019 da 2020: batirinsu mai kilowat-awa 95 ne (kilowat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka), direba yana amfani da 83.6 kawai, sai sabuwar manhaja ta kai shi 86. A cikin wannan sabuntawa kuma aka sa injin gaba ya riƙa hutawa idan ba a buƙatar ƙarfinsa, aka rage aikin famfon sanyaya, kuma jimillar abin da kamfanin ya ce an samu ya kai kilomita 20.

Jaguar ma ya yi irin wannan ga I-Pace a ƙarshen 2019, da darussan da ya samo daga tseren motocin. Ya canja yadda ake raba ƙarfi tsakanin injin gaba da na baya, ya sa marfin iska na gaban lagireto ya fi yawan rufewa domin motar ta fi ratsa iska, ya kuma inganta birkin da ke mayar da wuta cikin batir. Shi ma ƙarin bai wuce kilomita 20 ba. Wannan shi ne girman abin da ya kamata mutum ya sa rai da shi, kashi kaɗan cikin 100. Ƙarin da ya fi haka galibi yana zuwa ne idan tun asali an kulle wani babban sashe na batirin domin a sayar da motar da araha. Misalinsa shi ne abin da Tesla ya yi a watan Satumba na 2017, lokacin da guguwar Irma ta doshi jihar Florida: ya buɗe wa masu Model S da Model X ƙirar 60 sauran batirinsu, wanda a zahiri mai kilowat-awa 75 ne, na 'yan kwanaki, domin su samu su fice daga yankin.

Akwai kuma sabuntawar da ba ta canja komai sai lissafin lambar da ke kan allo. Wannan ita ce ta fi ruɗar mutane, kuma saboda ita ne awo ya zama rabin aikin nan.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar littafin motar, ko na takarda ko wanda ke cikin allonta, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ana buƙatar intanet mai ƙarfi ta waifai, ko na gida ko wanda aka raba daga waya, da data da ba ta gaza gigabait 5 ba, domin gara ta yi saura da ta ƙare a tsakiya. Sai mitar awon wuta irin ta masu gyaran lantarki domin duba ƙaramin batir, da gejin taya na kanka, da ɗan littafi da biro. Idan motar tana karɓar sabuntawa ta filashi ne, a tanadi filashi mai girman da kamfanin ya ambata, wanda babu komai a cikinsa, da kwamfuta. Daga ƙarshe a nemi wurin ajiye mota mai inuwa da iska, wanda ba ya tare wa kowa hanya, da kuma awa biyu da ba za a buƙaci motar ba.

Wanda ba shi da mita yana iya kai motar wurin mai batir ya auna masa. Gejin taya kuwa ban yarda a dogara da na bakin titi ba, domin na sha tarar da biyu a layi ɗaya suna ba da lamba daban.

Mataki na 1: Gano manhajar da ke kan motar da hanyar da take karɓar sabuwa

A shiga saitunan allon motar a nemi sashen manhaja, a rubuta lambar da ke wurin daidai yadda take, a kuma ɗauki hotonta. A motocin Tesla lambar tana farawa da shekara sannan mako, don haka da kallo ɗaya za a san daɗewarta.

Hanyoyin karɓa uku ne. Akwai motar da take saukewa da kanta ta intanet, kamar yadda Tesla yake yi tun 2012. Akwai wadda ake sauke fayil a kwamfuta a zuba a filashi a soka mata, kuma a mafi yawan motoci wannan hanya allo da taswira kawai take gyarawa, ba ta isa ga batir. Akwai kuma wadda sai an kai ta wurin dila an haɗa ta da kwamfutar kamfani. Sabuntawar Audi da ta Jaguar da na ambata duk a wurin dila aka yi su, haka ma gyaran ƙwaƙwalwar batir (kwamfutar da ke kula da batirin) na Hyundai Kona ta farko, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020. Kuskuren da sababbin masu mota suka fi yi shi ne su sabunta taswira ta filashi, sannan su zauna jiran ƙarin zango da ba zai zo ba.

Motar da aka shigo da ita daga waje tana da tata matsalar. Layin da ke cikinta na ƙasar da aka sayar da ita ne, kuma sau da yawa ba ya aiki a nan, don haka waifai ne kaɗai hanyarta. Wata kuma har yanzu tana rajiste da sunan mai ita na farko a manhajar waya ta kamfanin, sai an sauya mallaka kafin sabon mai ita ya ga sanarwa a wayarsa. Idan motar ta Amurka ce, a saka lambar shasi a shafin hukumar NHTSA, wadda ke kula da lafiyar motoci a can, domin a ga ko akwai kiranyen gyara da ba a yi mata ba.

Mataki na 2: Awon farko, kafin a taɓa komai

Wannan ne matakin da kowa yake son tsallakewa, kuma wanda ya tsallake shi ba zai taɓa sanin ko ya samu ƙari ba. Lambar kilomita da allo yake nunawa hasashe ne. A wasu motoci ana gina ta a kan yadda aka tuƙa motar a kwanakin baya, a wasu kuma a kan wani tsayayyen lissafi na kamfani. Abin dogaro shi ne yawan wutar da motar take ci a kowace kilomita, da kuma kason batir da ya tafi a tafiyar da aka san tsawonta.

Da sassafe, kafin motar ta motsa, a auna iskar tayoyi huɗu a daidaita su da lambar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Motocin lantarki suna da nauyi, kuma wasunsu suna buƙatar iska sama da 40 a geji, fiye da abin da mai faci ya saba bugawa a ƙaramar mota. Taya mai ƙarancin iska tana iya cinye fiye da duk abin da sabuntawa za ta kawo.

Sannan a zaɓi hanya ɗaya da aka sani, mai tsawon kilomita 40 zuwa 60 zuwa da dawowa, wadda ba ta da cunkoso. Dole ne a je a dawo ta hanya ɗaya, domin hawa da gangara da iska su kashe juna. A fara da caji kashi 80 cikin 100, a mayar da ma'aunin tafiya sifili, a sa na'urar sanyaya a lamba ɗaya kada a taɓa ta, a riƙe gudu ɗaya gwargwadon iko, misali kilomita 80 a awa. Da an dawo a rubuta kwanan wata da lokaci, da zafin waje kamar yadda allo ya nuna, da yawan mutanen da ke cikin motar, da kilomitar da aka ci, da kason batir da ya rage, da kuma lambar cin wuta. A maimaita wannan sau uku a ranaku daban, a ɗauki matsakaici.

Motoci ba su da ma'auni ɗaya wajen nuna cin wuta, don haka a lura. Wata tana nuna kilowat-awa a kilomita 100, wata wat-awa a kilomita ɗaya, wata kuma kilomita nawa ake samu daga kilowat-awa ɗaya. Wat-awa 160 a kilomita daidai yake da kilowat-awa 16 a kilomita 100. A ma'auni biyun farko, raguwar lamba ita ce ci gaba, a na uku kuwa ƙaruwarta. Motar Amurka da mil take zuwa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka ya fi sauƙi a sauya ma'aunin a saituna tun kafin a fara.

Mataki na 3: Duba ƙaramin batir da shirya wuri

Motar lantarki tana da batir biyu. Babban shi ke tafiyar da ita, amma kwamfutocinta duk a kan ƙaramin batir mai bolt 12 suke aiki, irin wanda ke cikin kowace mota. A lokacin ɗora manhaja akwai ɗan lokacin da babban batir yake yankewa, ƙaramin ya ɗauki nauyin komai shi kaɗai. Idan ya gaza a wannan lokaci, kwamfutar da ake rubuta wa umarni tana iya tsayawa da rabin tsohuwar manhaja da rabin sabuwa, motar ta ƙi tashi. Mafi yawan sabuntawar da aka kawo mini bayan ta lalace, daga nan matsalar ta faro, musamman a motocin da suka yi watanni a jirgin ruwa da tashar jiragen ruwa ba a tayar da su ba.

A kashe motar a bar ta ta huta aƙalla rabin awa, sannan a ɗora mita a kan kawunan ƙaramin batir. Bolt 12.6 alamar cikakke ne, 12.4 ba laifi, amma idan ya sauka ƙasa da 12.2 a dakatar da aikin har sai an yi masa caji ko an canja shi. Zafin ƙasarmu yana gajarta rayuwar irin wannan batir, don haka wanda ya haura shekara uku abin tuhuma ne ko da lambarsa ta yi kyau. Sababbin motocin Tesla sun koma ƙaramin batirin lithium mai kusan bolt 16, kuma waɗannan lambobi ba su shafe shi ba. A irinsu a duba allo kawai a tabbatar babu gargaɗi.

Babban batir kuma ina kai shi aƙalla kashi 50 cikin 100 kafin in fara, ko da littafin motar ya yarda da ƙasa da haka. A cire duk abin da aka soka a motar wanda ba na kamfani ba ne, kamar na'urar bincike da ke soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, da kyamara, da cajar waya. Idan an haɗa mata na'urar bin sawu saboda ɓarayi, a tambayi wanda ya haɗa ko ya taɓa wayoyin sadarwar motar, domin irin wannan haɗi yana iya katse maganar kwamfutoci da juna. A ajiye motar a inuwa, a guji tsakar rana a watannin bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 kuma motar take fama da sanyaya batirinta. Bayan sallar isha ko da asuba ya fi.

Mataki na 4: Haɗa intanet da saukewa

A haɗa motar da waifai daga allonta, a tabbatar sandunan sigina sun kai uku. Idan na'urar gida tana nesa, a matso da ita kusa da taga ko a matso da motar. Wanda ba shi da waifai a gida sai ya raba data daga wayarsa, ya ajiye wayar a cikin motar a jone da caji. Idan motar ta kasa ganin wayar, a shiga saitunan raba data na wayar a sauya tashar waifai daga 5 GHz zuwa 2.4 GHz, domin tsofaffin motoci da yawa ba sa ganin na 5. Waifai na otal ko na ofis wanda sai an buɗe shafi an saka suna kafin ya yi aiki, galibin motoci ba sa iya shiga irinsa.

Saukewa da ɗorawa abubuwa biyu ne daban. A lokacin saukewa ana iya tuƙa motar, kuma idan intanet ya yanke za ta ci gaba daga inda ta tsaya, don haka babu abin tsoro a nan. Idan an duba ba a ga sabuwar manhaja ba, ba lalle ne akwai matsala ba, domin kamfanoni suna sakin sabuntawa rukuni-rukuni, kuma mota biyu iri ɗaya suna iya samunta da tazarar makonni. A bar motar a haɗe da waifai dare biyu ko uku. A Tesla akwai zaɓi a sashen manhaja da ke sa motar cikin masu karɓa da wuri, amma ni ina barin ta a zaɓin da aka saba, domin sahun farko su ne suke cin karo da kurakuran da ba a riga an gano ba.

Mataki na 5: Karanta bayanin sabuntawa kafin a amince

Ba kowace sabuntawa ce take ƙara zango ba, kuma akwai wadda take rage shi da gangan. A 2019 wata manhajar Tesla ta rage iyakar cajin wasu tsofaffin motocin Model S domin kare batirinsu, masu su suka wayi gari da zangon da ya ragu, har maganar ta kai kotu a Amurka aka sasanta a 2021 a kan dala 625 ga kowane ɗaya daga cikin mutum 1,743. A ƙarshen 2020 kamfanin General Motors ya ɗora wa Chevrolet Bolt manhajar da ta tsayar da caji a kashi 90 cikin 100 saboda haɗarin gobara, kafin daga baya a koma canja batiran.

Ba ina nufin a guje wa irin wannan sabuntawa ba ne. Idan dalilinta kare batir daga kama wuta ne, a karɓe ta ko da za ta ci kilomita 30, musamman ga wanda yake cajin motarsa a cikin gidan da iyalinsa suke kwana. Abin nufi shi ne mutum ya san abin da yake amincewa da shi, domin da zarar an ɗora sabuwar manhaja ba a komawa tsohuwa. A karanta bayanin, a nemi inda aka ambaci batir, ko caji, ko injin, ko sanyaya, ko birki. Idan bayanin duk a kan kiɗa da taswira da fasalin allo yake, to babu ƙarin zango a cikinta.

Mataki na 6: Ɗorawa

A sa motar a giyar fakin, a rufe gilasai, a fitar da kowa, a ɗauki makulli ko katin motar a fita da shi. Kada a bar yaro ko tsoho a ciki, domin na'urar sanyaya ba za ta yi aiki ba, kuma ƙofofi da gilasai suna iya daina amsawa na ɗan lokaci. Game da wayar caji, a bi abin da littafin motar ya ce. Idan bai ce komai ba, ni ina cire ta, musamman idan wutar janareta ce ko wutar da take rawa, domin ɗaukewa da dawowar wuta suna tayar da kwamfutocin da ya kamata su yi shiru.

A danna amincewa, a fita, a rufe ƙofa. Yawanci aikin yana ɗaukar kusan rabin awa, amma babbar sabuntawa tana iya kai awa biyu. A wannan lokaci za a ji ƙarar ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin motar, fitilu su yi ta walƙiya, fanka ta tashi ta mutu, allo ya yi baƙi. Duk wannan daidai ne. Kada a buɗe ƙofa, kada a taka birki, kada a riƙa leƙa motar ta manhajar waya, kuma fiye da komai kada a cire kan batir da sunan taimaka mata.

Idan a gareji ake yi da kwamfutar kamfani, mai mota yana da haƙƙin ya ga abu biyu kafin a fara: an jona wa ƙaramin batir na'urar da ke riƙe ƙarfin wutarsa, kuma kwamfutar da intanet ɗin suna kan inbata ko batir, yadda ɗauke wuta ba zai katse aikin ba. Kada a yarda da fayil ɗin da wani ya samo daga inda ba a sani ba, ko na motar wata ƙasa, ko alkawarin mai cewa zai fasa manhajar ya buɗe ɓoyayyen batir. Ajiyar nan ita ce take tsare ƙwayoyin batir daga wuce iyakarsu, kuma batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar.

Mataki na 7: Dubawa bayan an gama

A shiga a tabbatar lambar manhaja ta canja daga wadda aka rubuta a mataki na farko. Idan allo ya ce ɗorawar ba ta yi nasara ba, a kulle motar a bar ta ta yi barci rabin awa, sau da yawa takan sake gwadawa da kanta. Idan allon Tesla ya daskare, a danne ƙananan maɓallan nan biyu masu juyawa da ke kan sitiyari tare har ya mutu ya dawo. Gargaɗin da ya tsaya bayan an yi ɗan zagaye an kashe an kunna, a ɗauki hotonsa a kai wa wanda ya san motar.

Sannan a bi saituna ɗaya bayan ɗaya, domin sabuntawa takan mayar da wasu yadda suka fito daga kamfani. A duba iyakar caji, da yanayin tuƙi, da ƙarfin birkin da ke mayar da wuta, da ayyukan da ke cin batir motar tana ajiye, kamar kyamarorin gadi da sanyaya ɗaki ba kowa ciki. A wasu motoci ƙarin da aka yi alkawari yana bayyana ne a yanayin tattali kawai, kamar yadda canjin rabon ƙarfi na I-Pace yake a yanayin Eco.

Mataki na 8: A ba ƙwaƙwalwar batir lokaci ta daidaita

Babu wata na'ura da take leƙa cikin batir ta ga yawan wutar da ta rage. Ƙwaƙwalwar batir tana ƙiyasta shi ne daga ƙarfin wutar ƙwayoyin idan suna hutawa, da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Bayan sabuntawa wannan ƙiyasi yakan yi 'yan kwanaki yana hawa da sauka, saboda haka lambar da aka gani a ranar farko ba abin farin ciki ba ce kuma ba abin tashin hankali ba. A yi tuƙi na yau da kullum har caji ya sauka kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a bar motar a kulle ta huta wasu awoyi, sannan a yi mata caji a hankali har ta cika, a tuƙa ta da zarar ta cika. Kada a bar ta cike a rana. Motocin da ke da batirin LFP, wato nau'in batirin lithium mai ƙarfe da fosfet, kamar yawancin na kamfanin BYD da wasu ƙananan Model 3 na Tesla, ƙarfin wutarsu ba ya canjawa sosai tsakanin rabi da cika, don haka sun fi buƙatar a riƙa cika su kamar sau ɗaya a mako. Sauran batira kuwa sau ɗaya ya isa domin wannan daidaitawa, daga nan a koma kashi 80.

Mataki na 9: Awo na biyu da lissafi

Bayan mako ɗaya zuwa biyu a maimaita awon mataki na biyu, a hanya ɗaya, da gudu ɗaya, da iskar taya ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, sau uku. Yanayi yana da tasiri sosai a nan. Wanda ya yi awon farko a zafin Afrilu ya yi na biyu da sanyin safiyar hunturu, bambancin aikin na'urar sanyaya ne zai gani, ya ɗauka manhaja ce. Shi ya sa nake son a haɗa awo biyun a cikin wata ɗaya.

Lissafin kansa mai sauƙi ne: a raba wutar da ake iya amfani da ita da cin wuta a kilomita 100, a ninka da 100. A ɗauki misalin mota mai kilowat-awa 83.6 da take cin 24 a kilomita 100, zangonta kilomita 348 ne. Idan aka buɗe mata batir zuwa 86, cin wutar bai canja ba, ta koma 358. Idan kuma cin wutar ya sauka zuwa 23.5, ta kai 366, wato ƙarin kilomita 18. Daga wannan ake gane inda ƙarin ya fito. Idan lambar cin wuta ta ragu, asara aka toshe. Idan ba ta ragu ba amma tafiyar ta cinye kason batir ƙasa da na da, ajiya aka buɗe. Idan duka biyun suna nan yadda suke, lambar allo kaɗai ta hau, to hasashen aka gyara, kuma tafiya mai nisa a ci gaba da tsara ta a kan tsohon zango.

Bambancin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba ina ɗaukarsa a matsayin babu, domin iska da cunkoso kaɗai suna iya kawo shi. Idan kuwa awo uku sun nuna zangon ya ragu da fiye da kashi 5 cikin 100 kuma bayanin sabuntawar bai faɗi dalili ba, a fara duba tayoyi da birkin da yake kamawa da saitunan mataki na bakwai, sannan a kai motar a karanta lafiyar ƙwayoyin batirinta da na'urar bincike, a tafi da littafin nan mai ɗauke da lambar tsohuwar manhaja da sabuwa da alƙaluman tafiye-tafiye shida.